Shirye-shiryen Hana Iyali Watsewa da Mayar da Yara Gida: Yadda Ake Gane Mai Amfani a Legas

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan dawowa a zaman da muke yi da iyaye, limamai, 'yan kasuwa masu ba da taimako da matasa 'yan aikin sa kai a unguwannin Hausawa na Legas, daga Agege zuwa Idi-Araba da Mile 12. Na tattara su wuri ɗaya ne saboda wani abu da ya daɗe yana damuna: muna yabon shiri da yawan yaran da ya mayar gida, amma ba ma komawa mu ga halin da yaran suke ciki bayan an gama aikin.

1. Wane irin shiri ake magana a kai?

Shiri ne da ake shiga gidan da ke gab da rabuwa da yaro, a zauna da mutanen gidan ka'in da na'in na ɗan lokaci, har a kashe wutar da ta taso. Iri biyu ne. Akwai wanda ake yi tun yaro yana gida, don kada hukuma ta ɗauke shi ko shi ya gudu ya shiga titi. Akwai kuma wanda ake yi bayan an riga an rabu, yaro yana gidan marayu, ko wurin tsare yara, ko yana kwana a tasha, ana son a sada shi da iyayensa.

Ba irin rabon shinkafa da atamfa ba ne na lokacin azumi. A nan ma'aikaci ɗaya gida biyu ko uku kacal yake riƙewa, yana zuwa har ɗaki, ana samunsa a waya dare da rana, kuma aikin yana da ranar farawa da ranar gamawa.

2. Daga ina wannan tsari ya samo asali?

Wanda aka fi sani shi ne Homebuilders, da aka fara a 1974 a garin Tacoma na jihar Washington a Amurka. Ƙa'idojinsa a bayyane suke: a isa gidan cikin awa 24 da samun labari, a yi aikin a cikin gidan ba a ofis ba, a gama cikin mako huɗu zuwa shida, kuma a haɗa koyar da iyaye da taimako na zahiri kamar kuɗin haya ko gyaran ɗaki. A 1980 dokar Amurka ta wajabta wa hukumomi su yi bakin ƙoƙari kafin su raba yaro da gidansu, a 1993 kuma majalisar ƙasar ta ware kusan dala biliyan ɗaya na shekara biyar don irin wannan aiki. Yawan kuɗin ya sa aka matsa da tambayar ko abin yana aiki, shi ya sa mafi yawan binciken da za ka ji na ambata daga can yake. Darussan za su amfane mu, amma alƙaluman nasu ne, ba na Legas ba.

3. Mu da muke da dangi da al'adar riƙo, me ya haɗa mu da wannan?

Gaskiya ne riƙo ya daɗe yana wannan aiki. Aure ya mutu ko uwa ta kwanta ciwo, sai goggo ko kaka ko kawu ya ɗauki yaro, ba takarda ba kotu. Fikihun Malikiyya ma ya tsara abin: uwa ce ta fi cancantar reno, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, bayan uwa sai kaka ta wajen uwa, ciyarwa kuwa tana kan uba ko da an rabu.

Matsalar Legas ita ce dangin suna nesa. Goggon tana Funtuwa ko Gumel, tafiyar yini da kwana, ga kuɗin mota da ya yi tashin gwauron zabo tun da aka cire tallafin mai a 2023. Mutum yana ɗaki ɗaya na haya da mata da 'ya'ya biyar, banɗaki da madafi na tarayya da maƙwabtan da ba yarensu ɗaya ba. Da aka hana acaba a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022, aka ƙara huɗu a Satumba har da Mushin da Kosofe, gidaje da yawa sun wayi gari mai nema ba shi da abin hawa. Irin wannan girgiza ce take fitar da yaro talla har dare, daga nan kwanan waje.

Don haka shiri mai hankali a nan ba ya ture riƙo, nemansa yake yi. Mai auna shi kuma kada ya rubuta yaron da ya koma wurin kakarsa a cikin waɗanda aka rasa. Sai dai a bi shi can ma a gani, domin akwai riƙon da yake komawa aikatau. Yadda ake wannan bibiya yana amsa ta 11.

4. Me doka ta ce game da raba yaro da iyayensa?

Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara a 1991, ta yi dokar haƙƙin yara a 2003, jihar Legas kuma ta yi tata a 2007. A ƙarƙashinta duk wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne, maslahar yaro ita ce gaba da komai, kuma akwai kotun iyali da ke yanke hukunci kan inda yaro zai zauna idan aka samu cutarwa ko sakaci. Jami'an walwala na Ma'aikatar Matasa da Ci Gaban Al'umma ta jihar su ne suke bincike su kai wa kotu rahoto.

Akwai kuma ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2009 kan kula da yaran da ba sa hannun iyayensu. Sun faɗa ƙarara cewa talauci shi kaɗai ba hujja ba ce ta ɗauke yaro, alama ce ta cewa gidan yana buƙatar tallafi. Duk ƙungiyar da ta ce tana mayar da yara gida a Legas, a tambaye ta ko tana aiki da jami'an walwala. Idan yaro ya shiga hannun kotu, ba wanda yake da ikon mayar da shi gida a bayan idonta.

5. Wata ƙungiya ta ce cikin kowane yaro goma da ta taimaka, tara suna gida har yanzu. Wannan ba nasara ba ce?

Wataƙila, amma lambar ita kaɗai ba ta faɗa maka komai ba tukuna. Tambayar da ta rage ita ce: da ba a taimaka musu ba, nawa ne za su kasance a gida? Idan su ma tara ne, to shirin bai hana komai ba, ya dai shiga gidajen da dama can ba za su watse ba.

Wannan kuskure ba na mugunta ba ne, kuma na ga yadda yake faruwa. Ma'aikaci yana da gurbi biyu, ga gidaje shida. Zuciyarsa tana karkata wajen uwar da ta tarbe shi da fara'a ta shimfiɗa masa tabarma, ba wajen uban da ya tsaya a ƙofa yana cewa wa ya aiko ka. Liman ma idan aka ce ya kawo suna, wanda yake gani a sahu zai kawo. A ƙarshe shirin ya cika da gidaje masu sauƙi, rahoto ya yi kyau, gidan da yaronsa ke kwana ƙarƙashin gada kuwa ba a taka shi ba.

Akwai abu na biyu. Ana kiran ma'aikaci ne ranar da rikici ya kai maƙura, kuma yawancin rikici yana lafawa da kansa bayan 'yan makonni: an samu ɗan ciniki, mai gida ya huce, ciwon ya yi sauƙi. Wanda ya zo a ranar tsanani ya dawo bayan wata guda zai ga sauƙi, ko ya yi wani abu ko bai yi ba.

6. To yaya ake sanin abin da zai faru da ba a yi shirin ba?

Da kwatance. Hanya mafi ƙarfi ita ce ƙuri'a: a ɗauki gidajen da halinsu ya yi kama, a raba su kashi biyu ta hanyar sa'a, ba da zaɓin kowa ba, rabi su samu shirin mai zurfi, rabi su samu taimakon da aka saba bayarwa, sannan a bi duka biyun a ga bambanci. Mutane sukan ce wannan rashin tausayi ne. Na fahimci damuwar, amma a duba: idan gidaje sittin ne ke buƙata, ƙarfinku na talatin ne, talatin za su jira ko ta yaya. Ƙuri'a ta fi a bar zaɓin a hannun wanda ya san wani. Sharaɗi dai shi ne ba a hana kowa taimakon da yake da haƙƙinsa, kuma yaron da ke cikin haɗari ba a sa shi a ƙuri'a, ceto shi ake yi nan take.

Idan ƙuri'a ba za ta yiwu ba, a kwatanta da waɗanda ke layin jira, ko da unguwar da shirin bai kai ba tukuna. Bai kai ƙuri'a ƙarfi ba, amma ya fi babu nesa ba kusa ba.

7. Da aka yi irin wannan kwatance, me aka gano?

Rahotannin farko na shekarun 1970 da 1980 sun nuna yawancin yara suna zama a gida, aka yi ta murna. Amma ba su da rukunin kwatance. Da aka yi babban gwaji da ƙuri'a a jihar Illinois ta Amurka, da iyalai fiye da 1,500, sakamakon da ya fito a 1994 ya nuna shirin bai rage ɗauke yara ba. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne, cikin iyalan da ba su samu shirin ba ma, kaɗan ƙwarai ne aka ɗauke wa yara a makonnin farko, alhali duk an rubuta su a matsayin waɗanda ake gab da raba su. Wato matsalar da na bayyana a amsa ta 5. Wani binciken gwamnatin tarayyar Amurka a Kentucky, New Jersey, Tennessee da Philadelphia a farkon shekarun 2000 ya zo da kusan irin wannan sakamako.

A 2006 wata cibiyar nazarin manufofi ta jihar Washington ta sake duba gwaje-gwajen, ta ware shirye-shiryen da suka bi ƙa'idojin Homebuilders sau da ƙafa daga waɗanda suka ari sunan kawai. Masu bin ƙa'ida sun rage ɗauke yara da kashi 31 cikin 100, sauran ba su nuna wani tasiri ba.

Abin da na ɗauka daga nan abu biyu ne, kuma duk suna da amfani a Agege kamar yadda suke da shi a can. Shirin yana aiki idan ya kai ga gidan da ke cikin haɗari na gaske, kuma idan an yi shi da cikakken ƙarfinsa. Ma'aikacin da aka ɗora wa gida ashirin, yana fama da cunkoson hanya daga Oshodi zuwa Ketu, ba shirin mai zurfi yake yi ba, ko me aka rubuta a allon ofis.

8. Auna mayar da yaro gida ya bambanta da auna hana ɗauke shi?

Ya bambanta, domin a nan ranar komawa gida tana ruɗar mutane. Ana ganinta kamar ƙarshen aiki, alhali ranar ce aikin yake farawa. A jihar Utah ta Amurka an yi gwaji da ƙuri'a a farkon shekarun 1990, da shiri na kwana 90. A ƙarshen kwanakin, fiye da kashi 90 cikin 100 na yaran shirin sun koma gida, a ɗaya rukunin kuwa ba su kai kashi 30 ba. Bayan shekara guda tazarar ta ragu: kusan kashi uku cikin huɗu na yaran shirin ne ke gida, ɗaya rukunin kuma kusan rabi. Shirin ya yi amfani, amma da an tsaya a kwana 90 da an zuzuta shi fiye da gaskiyarsa.

Na san wani yaro ɗan shekara goma sha ɗaya da yake dakon kaya a Mile 12. Wata ƙungiya ta ɗauke shi ta kai shi ɗakin babansa, da rabin buhun shinkafa da sabon takalmi, aka ɗauki hoto a bakin ƙofa. Matar uban tana tsugune tana wanke-wanke, ba wanda ya ce mata ko sannu. Mako uku bai cika ba na gan shi da kwandon tumatir a ka. Na ce, "Kai yaro, me ya dawo da kai?" Ya sauke kwandon, ya ce, "Malam, ba wanda ya tambaye ni abin da ya fitar da ni." A littafin ƙungiyar nan har gobe yana cikin waɗanda aka sada da iyayensu.

A 2020, lokacin korona, gwamnonin Arewa sun kwashi almajirai a motoci zuwa jihohinsu na asali. An ƙidaya waɗanda suka hau mota. Abin da ya kamata a ƙidaya shi ne nawa ne suka zauna, nawa aka sa a makaranta, nawa suka sake fita. Don haka mai auna shirin mayarwa ya duba abu uku: an shirya gidan da yaron kafin ranar, da ziyara da kwanan gwaji? An magance dalilin fitar? Kuma yaro nawa ne suka sake barin gida?

9. Idan zama a gida bai isa ma'auni ba, me za a auna?

Halin yaron da halin gidan. A jihar North Carolina ta Amurka an ƙirƙiro wani ma'auni da ake cikawa a farkon aiki da ƙarshensa, yana duba fanni biyar: muhalli, iyawar iyaye, zaman mutanen gida da juna, tsaro, da lafiyar yaro. Ba sai mun kwafe shi ba, amma tunanin yana da kyau: a rubuta yadda aka tarar, a rubuta yadda aka bari.

A wurinmu na fi yarda da abin da ido zai gani. Ina yaron ya kwana jiya? Sau nawa ya ci abinci? Rajistar makarantar boko da ta Islamiyya ta nuna yana zuwa, ko suna ne kawai? Katin rigakafin ƙaramin ya cika? Idan ɗan ƙasa da shekara biyar ne, a auna damtsensa da igiyar awo irin ta asibiti. Akwai sabon tabo a jiki? Ƙarfe nawa yarinya take dawowa daga talla? An biya haya, ko mai gida ya ba da takardar tashi?

A kula da kunya. Bahaushe idan baƙo ya tambaye shi ya gida, lafiya lau zai ce ko da tukunya ba ta hau wuta ba tun jiya. Tambayar "kun gamsu da shirin?" ba ta da amfani, musamman idan wanda ya kawo shinkafar ne yake tambaya. Mai auna ya zama daban da mai taimako, ya ji Hausa sosai, mace ta zauna da mata da 'yan mata, kuma a ji ta bakin yaro shi kaɗai a wurin da babba ba ya jiyo shi.

10. Idan aka ɗauke yaro ana tsakiyar aiki, shirin ya gaza kenan?

A'a. Wani lokaci shigar ma'aikaci cikin gida ita ce take bankaɗo abin da ke ɓoye: duka mai raunata jiki, ko wani a gidan yana lalata da yarinya. Fitar da yaro a wannan hali aikin ne ya yi kyau. Haɗarin yana ga ƙungiyar da ake auna ta da lamba ɗaya tak, wato yawan yaran da ke gida, domin ma'aikacinta zai ji tsoron ɓata lambar ya yi shiru. Amurka ma ta gyara dokarta a 1997 ta ce tsaron yaro shi ne kan gaba, kuma akwai halin da ba a wajabta ƙoƙarin mayarwa ba.

Maganar lalata da yara ba ta sulhun zaure ba ce, ko wane ne ya roƙa a rufa asiri. A Legas ana kiran 112 ko 767, akwai kuma hukumar jihar mai yaƙi da cin zarafi a gida da fyaɗe, wadda aka kafa a 2021. Shirin da bai rubuta abin da ma'aikaci zai yi idan ya ga irin wannan ba, ban yarda da shi ba.

11. Har tsawon wane lokaci ya kamata a bi gida, kuma yaya za a yi da masu tashi?

Shawarata a duba a wata uku, wata shida da shekara guda bayan rufe aiki. Shekara tana da muhimmanci a Legas saboda haya ta shekara ake biya, kuma lokacin sabunta ta ne gidaje da yawa suke sake girgiza. Shekarar kuma za ta ratsa damina da ambaliya, da lokacin da 'yan ci-rani suke komawa gona.

Mutanenmu suna tashi. Rusau ya zo, layin waya ya mutu, mace ta yi yaji ta tafi Katsina da yara. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a share waɗanda aka rasa daga lissafi. Idan an fara da gida arba'in aka samu ashirin da biyar, rahoto ya faɗi haka, domin sau da yawa waɗanda suka ɓace su ne abin ya fi lalace musu. Tun ranar farko a karɓi lambar mutum uku: ɗan uwa a Legas, ɗan uwa a garinsu, da shugaban sana'arsa a kasuwa ko tasha. Sarakunan Hausawa da masu unguwanni sukan san inda mutum ya koma.

12. Gidan da talauci ne matsalarsa, nasiha za ta yi masa me?

Ita kaɗai ba za ta yi komai ba. Uwar da ba ta da kuɗin gawayi ba darasin tarbiyya take nema ba. Amma kuɗi kaɗai ma yakan bi ruwa idan akwai shaye-shaye, ko ciwon damuwa bayan haihuwa, ko gaba tsakanin yaro da matar uba kamar a labarin amsa ta 8. Mai auna shiri ya duba ko abin da aka bayar ya dace da abin da ya kawo matsalar.

Wata ma'aikaciya da na yi aiki da ita ta je wani gida da aka kai ƙarar uwar cewa ta yi sakaci, yaranta uku ba sa zuwa makaranta. Ba ta je da hantsi ba, ta je bayan sallar asuba. Ta tarar uwar ta ɗaura zani tana shirin fita sarin kayan miya, yaran suna barci a kan katifa ɗaya. Ta ce, "Yaya, idan kin fita wa yake ta da su?" Matar ta yi shiru, sannan ta ce babu. Abin da ya warware matsalar shi ne wata dattijuwa a ɗakin ƙarshe da ta yarda ta riƙa ta da su tana ba su koko, ana ba ta ɗan abu duk mako, da kuma kuɗin rigar makarantar babbar. Wanda ya zauna a ofis ba zai taɓa gano wannan ba, kuma irin wannan ne ya kamata rahoto ya nuna.

13. Ni uwa ce, an turo mini ma'aikaci. Yaya zan gane na kirki ne?

Ki nemi ganin katin shaidarsa da sunan inda ya fito. Ya gaya miki dalilin zuwansa, tsawon lokacin da zai yi, da wanda zai ga abin da yake rubutawa. Na kirki yana tambayarki abin da kike ganin zai gyara gidanki kafin ya faɗi nasa, yana zuwa lokacin da ya yi alkawari, kuma ba ya tozarta ki a tsakar gidan haya a gaban maƙwabta. Kada ki sa hannu ko ki dangwala yatsa a takardar da ba a karanta miki da Hausa ba. Kada ki ba kowa ɗanki a kan alkawarin za a kai shi karatu wani wuri ba tare da kin san wurin ba kuma jami'an walwala sun sani. Idan ɗanki yana hannun hukuma, ki tambayi ranar zaman kotu da ranakun ziyara, ki riƙa zuwa, ki tafi da wani babba da kika amince da shi wanda yake jin Turanci ko Yarbanci.

14. Ba gara a kai yaran gidan marayu mai kyau ba? Ai ya fi sauƙi.

Ƙiyasin da ƙungiyoyin kare yara suka daɗe suna ambatawa shi ne, cikin yara biyar da ke gidajen marayu a duniya, kusan huɗu suna da uwa ko uba a raye. Talauci ne ya kai yawancinsu. A Romaniya an fara wani bincike a birnin Bucharest a shekarar 2000 da ƙananan yara 136 da ke irin waɗannan gidaje. Ƙuri'a ta mayar da rabi hannun iyalai masu riƙo, kuma waɗannan sun fi sauran ci gaban ƙwaƙwalwa da shaƙuwa da mai reno, musamman waɗanda aka fitar kafin su cika shekara biyu. Ruwanda ta fara rufe gidajen marayunta tun 2012 tana mayar da yara cikin iyalai.

Akwai yaron da dole a ajiye shi wani wuri na ɗan lokaci, kamar yadda na faɗa a amsa ta 10. Amma wajen lissafin tsada, a kwatanta mako shida na aiki mai zurfi da shekarun ciyarwa, tufatarwa da albashin masu reno. Sharaɗin dai na amsa ta 5 yana nan: ba a ce an yi tanadin kuɗi a kan yaron da dama ba za a ɗauke shi ba.

15. Ina so in ba da zakka ko sadaka ga irin wannan shiri. Me zan tambaya?

Alhaji, tambaye su gida nawa ma'aikaci ɗaya yake riƙewa, kuma awa nawa yake yi a kowane gida a mako. Tambaye su wa yake zaɓar gidajen, da wane sharaɗi. Ka ce su nuna maka yaran bara, ba na wannan watan ba: nawa ke gida, nawa ke wurin dangi, nawa suka koma titi, nawa ba a san inda suke ba. Wanda ya ce maka duka suna lafiya, ko bai bi su ba ko bai gaya maka gaskiya ba. Ka ce su ba ka labarin gida ɗaya da abin ya ƙi, da abin da suka canza bayansa.

Kada ka nemi hoton yaran ko sunayensu, kuma ka yi hattara da masu baza fuskokin yara a Facebook da WhatsApp. Sannan ka yarda wani kaso na kuɗinka ya tafi kuɗin mota da katin waya na bibiya. Masu bayarwa sun fi son abin da za a ɗauka a hannu, shi ya sa bibiya take fara mutuwa idan kuɗi ya yi ƙasa. Game da ko zakka ta halatta a irin wannan hidima, ka tambayi malaminka. Sadaka kam ƙofarta a buɗe take.

16. Mu ƙaramin kwamitin masallaci ne, ba mu da kuɗin ɗaukar masu bincike. Me za mu iya yi?

Ku sayi littafi mai bango mai ƙarfi, kowane gida shafi biyu. A shafin farko ku rubuta ranar da labari ya zo, ranar da kuka isa, abin da ya kawo matsalar da bakin uwa, da bakin uba, da bakin yaro, sannan amsar tambayoyin da ke amsa ta 9 kamar yadda kuka tarar. Kowace ziyara a rubuta rana, tsawon zama da abin da aka bayar. A shafi na biyu ku ja layi uku na wata uku, wata shida da shekara, ku sake amsa tambayoyin nan dai, kuma wanda zai je kada ya zama wanda ya yi aikin. Gidajen da kuka kasa ɗauka saboda ƙarancin hannu, su ma ku buɗe musu shafi da izininsu. Su ne kwatancenku, kuma su ne na gaba a layi.

A maimakon suna ku sa lamba, takardar sunayen ta zauna a kulle wurin mutum ɗaya, mace ɗaya kuma ta riƙe abin da ya shafi 'yan mata. Duk wata uku ku zauna bayan la'asar ku karanta shafukan da suka cika wa'adi, ku fara da waɗanda aka rubuta "ba a same su ba", ku raba wanda zai kira garinsu da wanda zai leƙa kasuwa kafin Juma'a mai zuwa.